Yadda Ake Auna Gubar Sinadaran Masana'antu ga Ƙananan Halittun Ruwa

Gabatarwa

Mai kiwon kifi yakan gane cewa ruwansa ya lalace ne a ranar da ya wayi gari ya tarar da kifaye sun taso sama suna haki, ko sun juya ciki. A mafi yawan lokuta ɓarnar ta riga ta fara tun kwanaki kafin wannan rana, a wurin da ido ba ya kaiwa. A cikin ruwan tafki ko kogi akwai ɗimbin ƙananan halittu waɗanda ba a ganin yawancinsu sai da madubin ƙara girma. Su ne ke samar da iskar oksijin, su ne abincin 'ya'yan kifi, su ne kuma ke narkar da ƙazantar da ke taruwa a ƙasan ruwa. Sau da yawa su ne na farko da guba ke kamawa.

Saboda haka masana suka ƙirƙiro hanyoyin auna ƙarfin gubar sinadarai ta yin amfani da waɗannan halittu. Wannan jagora zai yi bayanin yadda ake yin gwajin, da ma'anar alƙaluman da ke fitowa daga gare shi, da kuma abin da malamin gona da manomi za su iya yi da kansu kafin sakamakon ɗakin gwaji ya iso.

Ƙananan halittun ruwa da aikinsu

Za a iya kasa su gida 3 bisa ga aikin da suke yi.

1. Ƙananan tsirrai, wato gansakukar da ke yawo a cikin ruwa. Su ne ke sa ruwan tafkin da aka zuba wa taki ya yi kore. Da rana suna amfani da hasken rana su haɗa abincinsu, suna sakin oksijin. Karfasa tana cin su kai tsaye.

2. Ƙananan dabbobi masu cin waɗannan tsirrai. Fitattu daga cikinsu su ne waɗanda ake kira ƙumar ruwa, saboda yadda suke tsalle a cikin ruwa. Masana suna kiran su Daphnia da Moina. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa sun san Moina sarai, domin suna rainon ta don ciyar da 'ya'yan kifi a kwanakin farko.

3. Bakteriya. Wasu suna ruɓar da kashin kifi da ragowar abinci. Wasu kuma, irin su Nitrosomonas da Nitrobacter, suna juya amoniya, wadda guba ce ga kifi, ta koma naitirait, daga nan ta koma naitiret wanda cutarwarsa kaɗan ce.

Rayuwar kowane rukuni ta dogara da na kusa da shi. Idan guba ta kashe ƙananan tsirrai, oksijin zai ragu, gawarwakinsu kuma za su ruɓe su cinye ɗan abin da ya saura. Idan ta kashe ƙumar ruwa, 'ya'yan kifi za su rasa abinci. Idan ta kashe bakteriya, amoniya da naitirait za su taru, kifi ya daina cin abinci, daga bisani ya mutu, alhali sinadarin bai taɓa jikinsa da ƙarfin da zai kashe shi ba.

Daga ina gubar take fitowa?

Majemun zamani suna amfani da gishirin kuromiyam wajen jima, da salfaid da farar ƙasa wajen cire gashi. Masaƙu suna zubar da rini, da soda, da sinadaran faranta yadi. Matatun mai da garejojin kanikawa suna sakin baƙin mai da dangoginsa. Masu fasa tsofaffin batura suna sakin dalma da ruwan batir. Wuraren haƙar zinariya suna iya sakin dalma da zaiba. A gona kuwa akwai magungunan ƙwari da na ciyawa, waɗanda su ma kayan masana'anta ne.

A Kano, ruwan da ke fitowa daga unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara, har zuwa dam ɗin Wasai. A gaɓar waɗannan ruwaye ana noman rani, ana kamun kifi, ana shayar da dabbobi. A Kaduna, masaƙun Kakuri sun shafe shekaru suna zuba ruwansu a magudanar da ke shiga kogin Kaduna, kafin yawancinsu su rufe a shekarun 2000. Rufe masana'anta ba ya kawar da ƙarafa masu guba da suka riga suka kwanta a laka, domin ƙarfe ba ya ruɓewa.

A shekarar 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta. Wannan al'amari ne ya sa gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a wannan shekarar. A 2007 aka kafa hukumar NESREA wadda ke sa ido kan bin dokokin muhalli. A 2010 kuma gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a jihar Zamfara.

Dalilin da ya sa ake gwaji da halitta mai rai

Ana iya kai ruwa ɗakin gwaji a auna yawan kuromiyam ko dalma da ke cikinsa, kuma wannan awo yana da amfani ƙwarai. Amma na'ura tana nemo abin da aka ce ta nemo ne kawai. Ruwan masana'anta kuwa haɗi ne na sinadarai da dama, wasu ba a san da su a ciki ba, wasu kuma idan sun haɗu sukan ƙara wa juna ƙarfi. Halitta mai rai tana nuna tasirin haɗin gaba ɗaya.

An fi son ƙananan halittu saboda dalilai kamar haka:

1. Suna hayayyafa da sauri, don haka ana samun sakamako cikin mintoci ko kwanaki kaɗan.
2. Ruwa kaɗan ake buƙata, wani lokaci bai wuce cikin cokali ba.
3. Kuɗin gwajin bai kai na gwaji da kifi ba.
4. Ana iya rainon iri ɗaya a ko'ina, ta yadda za a iya kwatanta sakamakon Ibadan da na Zariya da na wata ƙasa.

Ƙa'idar da duk gwaje-gwajen suka ginu a kanta

Yawan abu ne ke mayar da shi guba. Gishiri kaɗan yana gyara miya, idan ya yi yawa kuwa ya ɓata ta. Don haka tambayar da mai gwaji ke nema wa amsa ita ce: wane adadi na wannan sinadari a cikin lita 1 ta ruwa ne ke fara cutarwa?

Ana auna wannan da miligiram a kowace lita. Miligiram 1 a lita daidai yake da giram 1 a cikin lita 1,000. Tafki mai tsawon mita 10, faɗin mita 10, zurfin mita 1, yana ɗaukar lita 100,000, don haka giram 100 na sinadari ya isa ya kai ruwansa miligiram 1 a lita. Akwai kuma mikirogiram, wanda shi ne kashi 1 cikin 1,000 na miligiram.

Tsarin gwajin shi ne a jera kwalabe aƙalla 5, kowace da ƙarfin sinadari daban, daga mai rauni zuwa mai ƙarfi. Sai a ajiye wata kwalba ta ruwa mai tsabta wadda ba a sa mata komai ba. Wannan ita ce kwalbar shaida, da ita ake kwatanta sauran. A zuba halittu adadi ɗaya a kowace kwalba, a ajiye su a wuri ɗaya, zafi ɗaya, haske ɗaya, na tsawon lokacin da aka ƙayyade, sannan a ƙirga. Idan halittun da ke kwalbar shaida su ma suka mutu da yawa, gwajin ya ɓaci, sai a sake.

Manyan hanyoyin gwaji

Ƙungiyar OECD mai hedikwata a Faris da hukumar ISO mai hedikwata a Janiba sun tsara ƙa'idojin da ɗakunan gwaji ke bi. Ga waɗanda aka fi amfani da su.

Gwajin bakteriya mai haske. Akwai wata bakteriya ta teku mai suna Vibrio fischeri wadda ke ba da haske kamar makesu muddin tana cikin ƙoshin lafiya. Idan guba ta taɓa numfashinta sai hasken ya dushe. Ana sa ta a cikin ruwan da ake zargi a sanyin digiri 15, na'ura ta auna hasken bayan minti 5, ko 15, ko 30. An fi sanin wannan hanya da sunan Microtox. Tana da sauri ƙwarai, kuma ta dace da tantance samfura masu yawa a rana ɗaya. Rauninta shi ne ba ta cika jin magungunan ƙwari da na ciyawa ba, domin bakteriya ba ta da jijiyoyi irin na ƙwaro, ba ta kuma dogara da hasken rana irin na tsiro.

Gwajin tsiron gansakuka. Ana zuba adadin da aka sani na ƙwayoyin wata koriyar gansakuka, galibi Raphidocelis subcapitata, a bar ta cikin haske awa 72, a zafin digiri 21 zuwa 24. A kwalbar shaida dole ƙwayoyin su ninka aƙalla sau 16 kafin a karɓi gwajin. Sai a duba yadda sinadarin ya rage saurin hayayyafa a sauran kwalaben. Wannan gwaji shi ne ke kama magungunan ciyawa irin su atrazine da diuron, waɗanda ke toshe hanyar da tsiro ke amfani da haske, da kuma jan ƙarfe.

Gwajin ƙumar ruwa. Ana ɗaukar 'ya'yan Daphnia magna waɗanda ba su cika awa 24 da haihuwa ba, guda 20 a kowane ƙarfi, a raba su gida 4, a bar su awa 48 ba tare da abinci ba. Duk wadda ta kasa yin iyo cikin daƙiƙa 15 bayan an ɗan motsa kwalbar ana lissafa ta cikin waɗanda guba ta kama. Idan fiye da kashi 10 cikin 100 suka kwanta a kwalbar shaida, ba a karɓar sakamakon. Akwai kuma dogon gwaji na kwana 21, inda ake ciyar da su a ƙirga 'ya'yan da suka haifa. Ƙumar ruwa tana saurin jin magungunan ƙwari da ƙarafa masu guba.

Gwajin numfashin bakteriyar laka. Ana ɗebo laka mai rai daga wurin tace ruwan ƙazanta, a sa mata sinadarin, a auna yawan oksijin da take sha bayan awa 3. Akwai makamancinsa da ke auna ko bakteriya masu juya amoniya sun daina aiki. Wannan yana da muhimmanci ga masu kiwon kifi a tankunan da ke sake juya ruwa ta matata, domin rayuwar kifinsu ta rataya ne a kan waɗannan bakteriya.

Babu gwaji ɗaya da ya wadatar. Abin da ya ƙyale bakteriya yana iya kashe ƙumar ruwa, abin da ya ƙyale ƙumar ruwa yana iya kashe gansakuka. Shi ya sa ake haɗa aƙalla 3: tsiro, da ƙumar ruwa, da kifi, wanda nasa gwajin ke ɗaukar awa 96.

Yadda ake karanta sakamako

Malamin gona zai riƙa cin karo da waɗannan alamomi a takardun bayanin sinadarai da rahotannin ɗakin gwaji:

EC50: ƙarfin sinadarin da ya shafi rabin halittun, ko ya rage aikinsu da rabi, a cikin lokacin gwajin.
LC50: ƙarfin da ya kashe rabi.
NOEC: ƙarfi mafi girma da aka gwada ba a ga wata illa ba.
LOEC: ƙarfi mafi ƙanƙanta da aka fara ganin illa.

A lura da kyau: ƙanƙantar lamba ita ce alamar ƙarfin guba. Sinadari mai EC50 na miligiram 0.5 ya fi mai miligiram 50 haɗari sau 100, domin kaɗan daga cikinsa ya isa ya yi ɓarna. A tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rarraba sinadarai, wanda EC50 ɗinsa bai wuce miligiram 1 a lita ba yana aji na 1, mai tsananin guba ga halittun ruwa. Daga 1 zuwa 10 aji na 2 ne, daga 10 zuwa 100 kuma aji na 3. Hoton mataccen kifi da busasshiyar bishiya da ake gani a jikin wasu galan-galan gargaɗi ne cewa abin da ke ciki yana da haɗari ga ruwa.

EC50 ba iyakar aminci ba ce, tun da a wannan ƙarfi rabin halittu sun riga sun cutu. Don a samo ƙarfin da ake sa ran ba zai cutar ba, akan ɗauki lamba mafi ƙanƙanta daga gajerun gwaje-gwajen nan 3 a raba ta da 1,000. Idan akwai sakamakon dogayen gwaje-gwaje na rukunan 3, akan raba NOEC mafi ƙanƙanta da 10. Wannan rata tana rufe bambancin da ke tsakanin kwalba da kogi, da halittun da ba a gwada ba.

Ga misali na lissafi. A ce wani sinadari ya ba da miligiram 8 ga gansakuka, 2 ga ƙumar ruwa, 15 ga kifi. Mafi ƙanƙanta shi ne 2. Idan aka raba da 1,000 za a sami 0.002. A ce kuma ruwan da masana'anta ke saki yana ɗauke da miligiram 1 a lita. Da damina, idan kogi ya sirka shi sau 1,000, zai koma 0.001, wato ƙasa da iyaka. Da rani, idan ruwa ya ja baya har sirkin ya koma sau 100 kawai, zai zama 0.01, wato ya ninka iyaka sau 5. Masana'antar ba ta canza komai ba, amma haɗarin ya ƙaru a daidai lokacin da mai noman rani ya fi buƙatar ruwan.

Sauran tambayoyi 2 da ake yi wa kowane sinadari

Ta farko: yana ruɓewa? Ana zuba shi tare da bakteriya a bar shi kwana 28 a ga nawa suka cinye. Wanda ya ruɓe da sauri illarsa takan tsaya kusa da inda aka zubar da shi. Wanda ya ƙi ruɓewa yakan yi tafiya mai nisa ya kuma daɗe.

Ta biyu: yana taruwa a jiki? Sinadarin da ya fi son mai a kan ruwa yakan maƙale a kitsen halitta. Gansakuka ta ɗauka, ƙumar ruwa ta ci gansakuka, ƙaramin kifi ya ci ƙuma, babban kifi ya ci ƙarami, mutum ya ci babba, a kowane mataki yawan gubar yana ƙaruwa. Haka zaiba ta yi a Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956 a cikin iyalan masunta. Lindane, wanda aka sani a kasuwa da sunan Gammalin 20, wanda wasu suka riƙa zubawa a ruwa don kama kifi, yana cikin masu daɗewa da taruwa a jiki, kuma a 2009 aka sa shi cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar Stockholm ta hana.

Saboda sinadarai sun yi yawa a gwada kowanne, masana suna kuma amfani da kwamfuta su ƙiyasta gubar sabon sinadari daga siffar ginin ƙwayarsa, ta kwatanta shi da danginsa da aka riga aka gwada. Wannan ƙiyasi yana taimakawa wajen zaɓen wanda za a fara gwadawa, amma ba ya maye gurbin gwaji.

Abubuwan da ke ƙara ko rage ƙarfin guba

1. Zafi. Ana yin gwajin Daphnia a digiri 18 zuwa 22, alhali ruwan tafkunanmu yakan kai digiri 28 ko fiye. Zafi yana rage oksijin, yana kuma ƙara ƙarfin yawancin guba. Don haka a ɗauki alƙaluman ƙasashen sanyi da taka tsantsan.
2. Tsami ko kanwar ruwa. Amoniya tana ƙara guba idan ma'aunin pH ya hau, ƙarafa kuwa sun fi narkewa idan ya sauka. Kifi ya fi jin daɗi tsakanin 6.5 da 9.
3. Taurin ruwa. Jan ƙarfe, da dalma, da tutiya sun fi cutarwa a ruwa mai laushi wanda ba shi da sinadarin farar ƙasa sosai.
4. Laka da ruɓaɓɓen ganye. Sukan riƙe wasu sinadarai su rage su a cikin ruwa, amma sukan sake su idan aka tayar da lakar.
5. Nau'in sinadarin. Kuromiyam mai daraja ta 6 ya fi mai daraja ta 3 guba nesa ba kusa ba.
6. Lokacin shekara. Ruwan farko na damina yana wanko duk abin da ya taru a magudanai tun rani.

Alamomin da manomi zai lura da su

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. A binciki dalili idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Koren ruwa ya washe ko ya koma ruwan ƙasa cikin kwana 1 ko 2. A tafki mai lafiya, idan aka tsoma hannu zuwa gwiwar hannu tafin yakan ɓace a zurfin santimita 30 zuwa 40. Idan kwatsam aka fara hango ƙasa, ƙananan tsirrai sun mutu.
2. An ɗebi ruwa a farar kwalba an ɗaga ta ga haske ba a ga ƙumar ruwa tana motsi ba, alhali da akwai.
3. Kumfa mai daɗewa, ko maiƙo a saman ruwa, ko warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko wani baƙon launi.
4. Kifi yana tasowa sama da rana tsaka. Tasowa da asuba kawai galibi ƙarancin oksijin ne, amma idan manya da ƙanana suna mutuwa a kowane lokaci tare da kwaɗi da ƙwarin ruwa, a zargi guba.

Gwaji mai sauƙi da malamin gona zai iya yi

Kayan aiki: kwalabe 12 na gilashi masu tsabta, iri ɗaya, sirinji ko kofin awo, ruwa mai kyau daga inda aka raini Moina, a tace shi da kyalle, da Moina masu kuzari.

1. A kasa kwalaben gida 6, kowane gida kwalba 2, a rubuta musu lamba.
2. Gida na 1 a zuba ruwan da ake zargi zalla. Na 2 a sirka shi rabi da rabi da ruwa mai kyau. Na 3 a ɗebi irin haɗin na 2 a sake sirkawa rabi da rabi, haka har na 5. Za a sami kashi 100, da 50, da 25, da 12.5, da 6.25 cikin 100.
3. Gida na 6 ruwa mai kyau zalla, shi ne shaida.
4. A sa Moina 10 a kowace kwalba. Kada a ba su abinci.
5. A ajiye a inuwa, nesa da wurin ajiyar magani ko hayaƙi.
6. Bayan awa 24 a motsa kowace kwalba a hankali a ƙirga masu iyo, a rubuta.

Idan fiye da 2 cikin 20 suka mutu a kwalaben shaida, a sake gwajin. Idan shaida tana lafiya amma rabi ko fiye sun mutu a kashi 50 ko ƙasa da haka, kada a shigar da wannan ruwa tafki. Ko a ruwan zalla kaɗai aka ga mutuwa, a dakata a nemi gwajin ɗakin bincike. Wannan gwaji ba ya faɗin sunan gubar, ba ya kama guba mai aiki a hankali, kuma ba ya tabbatar da cewa ruwan ya dace da sha.

Yadda ake ɗaukar samfurin ruwa

1. A ɗebi ruwa a wurare 3: sama da inda ake zargin gubar ke shigowa, daidai wurin, da kuma ƙasa da shi.
2. A yi amfani da kwalbar gilashi idan ana zargin mai ko maganin feshi, ta roba kuma idan ana zargin ƙarafa. Kada a yi amfani da kwalbar da ta taɓa ɗaukar magani, ko fetur, ko sabulu.
3. A ɗauraye kwalbar sau 3 da ruwan wurin, a cika ta har baki, a rufe.
4. A rubuta wuri, da rana, da lokaci, da abin da aka gani.
5. A sa a cikin kula da ƙanƙara, a kare daga rana, a kai ɗakin gwaji cikin kwana 1, kada ya wuce 2.
6. A sa safar hannu da takalmin roba.

A ɗauki samfur da zarar an ga alama, domin ruwa mai gudu yana tafiya da shaidar cikin sa'o'i kaɗan. A kai rahoto ga ma'aikatar muhalli ta jiha ko ofishin NESREA mafi kusa. Idan malalar man fetur ce, hukumar NOSDRA ce ke da alhakin bincike.

Matakan kariya a gona

Wani lokaci gubar daga hannun manomi take fitowa. A ɗauki maganin ƙwari na cypermethrin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. Mililita 10 nasa, wato kimanin cikin murfi 1, yana ɗauke da giram 1 na ainihin maganin. Idan ya shiga tafkin nan mai lita 100,000 zai ba da mikirogiram 10 a lita, alhali ƙasa da mikirogiram 1 ya isa ya kwantar da ƙumar ruwa. Wannan adadi yana iya kashe kifi ma. Don haka:

1. Kada a wanke injin feshi, ko galan, ko tufafin feshi a rafi, ko tafki, ko bakin rijiya.
2. Kada a yi feshi dab da ruwa, ko lokacin iska, ko idan hadari ya haɗu. A bar shingen ciyawa tsakanin gona da ruwa.
3. A ɗaga gaɓar tafki yadda ruwan gona ba zai gangaro ciki ba.
4. A rufe hanyar shigar ruwa lokacin ruwan farko na damina, da duk lokacin da kogi ya canza launi.
5. A tanadi tafkin ajiya inda ruwa zai kwana 2 ko 3 kafin a shigar da shi wurin kifi, a riƙa duba ƙumar ruwa a cikinsa.
6. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin mai kashe bakteriya. A bar shi a buɗe ya kwana kafin amfani.
7. Kada a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a tankin da ke da matatar bakteriya sai da shawarar likitan dabbobi.
8. Kada a kama kifi da guba, kada kuma a ci ko a sayar da kifin da aka tsinta a mace.

Idan guba ta riga ta shiga, a daina ba da abinci, a rufe hanyar da ta shigo, a sauya wani ɓangare na ruwan da mai kyau, a riƙa motsa ruwa don iska ta shiga. Bayan an gyara, a zuba taki kaɗan a jira ruwa ya yi kore, ƙumar ruwa ta dawo, kafin a zuba sababbin 'ya'yan kifi.

Kammalawa

Ana shawartar malaman gona da su ajiye littafi na kowane tafki da rafin da ke yankinsu, su riƙa rubuta launin ruwa, da zurfin da hannu ke ɓacewa, da yawan ƙumar ruwa, aƙalla sau 1 a mako. Wanda ya san yadda ruwansa yake a ranar lafiya shi ne zai gane ranar da ya canza, kuma wannan rubutu hujja ce idan magana ta kai gaban hukuma. Manoman da ke shan ruwa ɗaya su haɗa kai su riƙa sanar da juna da wuri, na sama ya gaya wa na ƙasa. Don ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona, ko jami'in kula da kiwon kifi na ƙaramar hukuma, ko ofishin shirin bunƙasa aikin gona na jiha.